Ɗigon da ke Gefen Shanya

Ni malamar labarin ƙasa ce, kuma zuciyata a kusa take. Wannan kowa ya sani, tun daga gidanmu na cikin Haɗejiya har makarantar da nake koyarwa. Shekara da shekaru ina zana kogin nan namu a allo da alli, in ja layi mai lanƙwasa in ce wa yara ga shi nan, su kalle ni su kalli layin, yaran da da yawansu a cikin kwale-kwale suka koyi zama. Ban taɓa ganin laifin layin nan ba sai da aka kawo mana majigi.

Makarantar ƙaramar sakandare ce, a kan wani tudu tsakanin Haɗejiya da Auyo. Da rani babur ke kai ni har ƙofa. Da damina kuwa mai babur ya sauke ni a bakin ruwa, in tattare zani in shiga jirgin fito, in ƙarasa da ƙafa, takalmi a hannu. Wata ƙungiya ce ta ba mu kwamfuta guda ɗaya da majigi da farantin sola, aka tara mu kwana uku a gari ana koya mana yadda ake aiki da su. Da muka dawo malamai maza suka yi ta noƙewa, wai kada abu ya lalace a hannunsu. Na ce a ba ni, in za ta fashe ta fashe a hannuna. Bangon ajin duk tabon ruwa ne, hoto ba ya fita, sai na ɗauko farin zanin gadona daga gida na buga masa ƙusa huɗu. Sabis kuma ba ya shigowa sai ta tagar gabas, don haka a cikin safa nake saka wayata in rataye ta a ƙarfen taga, daga nan kwamfutar ke jan intanet. Duk yaron da ya kuskura ya taɓa safar nan ya san sauran.

Ranar da na fara buɗe musu taswirar tauraron ɗan'adam, wato hotunan ƙasa da ake ɗauka daga sama, gaskiya ban yi koyarwa ba. Duniya ta fito a jikin zanin gadona kamar ƙwallo, na yi ta matso da ita, Afirka, Najeriya, Jigawa, har kogin ya bayyana. Ashe ba layi ɗaya ba ne, rassa ne birjik, wani ya shige fadama ya ɓace, wani ya zagaya ya dawo. Aji ya kaure. Da muka samo rufin makarantarmu wasu har leƙawa suka yi ta taga suna kallon sama, wai ko za su hango mai ɗaukar hoton. Na daka musu tsawa, amma ni ma dariya nake yi.

A bencin baya akwai yaran da muke kira 'yan sabuwar unguwa. Garinsu na bakin kogi ne, ruwa ya cinye shi damina biyu da suka wuce, aka ba iyayensu fili a bayan makaranta suka kakkafa ɗakuna. A cikinsu akwai wata yarinya doguwa siririya, 'yar aji biyu, wadda in ba kiran suna ake yi ba ba ka jin muryarta. Ita ce ta ɗaga hannu.

"Malama, don Allah a ɗan bi ruwan nan gabas."

Na bi.

"A ƙara gaba, Malama. Inda ya rabu biyu, a ɗauki na hagu."

Ina ja tana gaya min hanya, sai ga gari ya fito cif, da masallacinsa, da rumbunansa, da jirage a jere a mashigi inda ake ɗaure su. Ashe hoton tsoho ne, tun kafin ruwan aka ɗauke shi. Nan take 'yan bencin baya suka ɓarke, wannan na cewa ga gidanmu, wancan na cewa ga tsamiyar ƙofar liman. Ita kuwa ta taso ta zo har gaban zanin, inuwarta ta rufe rabin garin. Na ce, "Ke, matsa mana, ke kaɗai ce mai ido?" Ta koma gefe ta tsaya, ta ƙura wa wani gida ido a ƙarshen gari. A tsakar gidan akwai wani abu mai kusurwa huɗu, tsakiyarsa ruwan ƙasa, bakinsa shuɗi. A gefensa kuma akwai wani ɗan ɗigo baƙi, bai fi ƙwayar wake ba a jikin zanin.

Bari in faɗa tun yanzu abin da ni ban sani ba a lokacin. Abin nan mai shuɗin baki tamfol ne, an shanya turarriyar shinkafa a kai. Ɗigon kuwa mahaifiyar yarinyar ce, tana zaune tana gadin shanya kada kaji da awaki su shiga. Matar ta rasu wata biyu bayan ruwan, zazzaɓi ya ɗauke ta a inda aka fara tsugunar da su. Hotunanta biyu ne a duniya, suna cikin akwatin kayanta, ruwa kuma ya tafi da akwatin. Abin da ya rage wa yarinyar nan na ganin uwarta ke nan, ɗigon nan, kuma a hannuna yake, ni da ban san ina riƙe da komai ba.

Daga ranar, duk darasin da na kunna majigi sai ta jira na kusa tashi, ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malama, yau ba za a duba garinmu ba?" Sau uku ko huɗu na buɗe. Takan tsaya a gefe, hannu a cikin hijabi, har sai na kashe. Sai fa rigima ta taso. In an duba garin 'yan sabuwar unguwa, ai 'yan wancan ƙauyen ma suna da gari, wannan ma akwai gonar kakansa, wancan yana son a nuna masa inda babansa ke jefa taru. Minti arba'in ne darasina. Sabis ya ci goma yana juyi, gardamar gari ta ci goma, me ya rage? Ga shugaban makaranta kullum yana leƙowa yana cewa, "Malama, majigin nan fa ba gidan kallo ba ne, zango na tafiya." Da gaskiyarsa kuma, ban gama yanayi ba, ban ko taɓa duwatsu ba.

Rannan na tsare ta bayan an tashi.

"Wai ke me kike kallo a garin nan?"

"Ba komai, Malama."

"Ba komai kike tsayawa kamar an dasa ki? Kin bar wani abu a can ne?"

Ta sunkuyar da kai. "Gida ne kawai."

"Gidan wa?"

"Gidanmu."

"To wa ke ciki?"

Ta shiga murza bakin hijabi. Can ta ce, "Mutanen gida."

Na tambaya, Allah ya sani na tambaya, kuma na daɗe ina kare kaina da wannan. Amma a tsaye na yi tambayar, jaka a kafaɗa, ina kallon agogo. Da ta ce mutanen gida sai na yi tsaki na wuce, na ce a raina yarinyar nan dai wayon cinye min darasi take yi.

Ranar da na raba takardun gwajin tsakiyar zango, nata ba kyau, shida cikin ashirin. Da ciwon kai na shigo ranar, jirgi ya jiƙa min zani har gwiwa, sabis ya yi ta wasa da ni a gaban yara. Ina naɗe waya sai na ji muryar nan, "Malama, yau ba za a..." Ban bari ta ƙarasa ba. Wallahi na wanke ta tas a gaban aji.

Na ce, "Gari, gari, gari! Ke kaɗai ruwa ya ci wa gari? Ga 'yan'uwanki nan sun haƙura suna karatunsu. Abin da ya tafi ya tafi, kallon hoto ba zai dawo miki da ko bango ɗaya ba. Da idon da kike zuba wa zanin nan littafi kika zuba wa, da ba ki kwaso min shida ba!"

Yara suka yi dariya, irin wadda suke yi don malama ta ji daɗi. Ita ko hawaye ba ta yi ba. Da na ga ta yi tsuru-tsuru sai na ɗan sauko, na ce to ga sharaɗi: ba za a ƙara buɗe garin kowa ba sai bayan jarrabawa, in kuwa ta ci labarin ƙasa da kyau zan bar mata kwamfutar ita kaɗai duk tsawon lokacin fita tara, ta kalla har ta ƙoshi. Ta ce to. Har daɗi na ji, ina ganin na yi dabarar koyarwa. Na shiga ofishin malamai ina ba da labari, ina cewa yaran yanzu sai ka san inda za ka kama su.

Ta kuwa kama karatu kamar me. Ba ta ƙara yi min maganar gari ba, ko sau ɗaya. In na kunna majigi don nuna musu hamada ko teku takan zauna ta yi rubutunta, in na yi tambaya ta ɗaga hannu. Malamai suka fara ce min wace addu'a na yi wa yarinyar nan, ni kuwa ina ta hura hanci. Da aka yi jarrabawa ita ta zo ta ɗaya a darasina, ba kusa ba.

Ranar rufe makaranta aka raba sakamako. Shugaba ya riga ya kulle kwamfuta da majigi a kabad ɗin ƙarfe na ofishinsa, amma yana nan zaune, makulli na aljihunsa. Hadari ya haɗo daga gabas, ni kuma ina sauri in kama jirgin fito kafin ruwa ya sauko. Ina tura takardu a jaka sai ga ta a ƙofar ofishin malamai, ta durƙusa, takardar sakamako a hannu.

"Malama, na ci."

"Na gani, Allah ya yi miki albarka. Haka nake so."

Ba ta tashi ba. Na gane abin da take jira sarai, ba mantawa na yi ba.

Na ce, "Kin ga an riga an kulle kayan, ga hadari, in na rasa jirgin nan sai la'asar. Ki bari a dawo hutu. Ina hoton zai je?"

"To, Malama."

Minti goma ne da zai ishe mu. Kuma wani abin da ke cin raina har yau, a kwana ukun nan na horo an koya mana yadda ake adana duk abin da ke fuskar kwamfuta, madanni ɗaya ake latsawa. Na iya, ni ce ma ke koya wa wasu. Na adana dutse mai aman wuta, na adana ƙanƙarar ƙarshen duniya, na adana kogunan ƙasashen da ba zan taɓa zuwa ba. Garin yaran da ke zaune a gabana kuwa ban adana ba, don a kaina abin da ke intanet kamar rijiyar gida yake, kullum ka je ka tarar da shi. Na kama jirgin, ruwan ma bai sauko ba sai da na isa gida.

Makon farko da dawowa hutu, ana cikin rububin sababbin ɗalibai da rabon aji, aka ce min ina da baƙuwa. Na fito na tarar da wata 'yar tsohuwa a inuwar darbejiya, da sanda, da ƙunshin busasshen kifi a leda. Yarinyar na tsaye a bayanta. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi hanya, ta tambayi yadda muka ji da ruwan bana.

Na ce, "Iya, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Malama. Roƙo na zo. Ni ce kakar wannan, uwar ubanta. An ce matar ɗana na cikin akwatinki. Idona ya fara tafiya, na ce bari in zo in gan ta tun bai ƙarasa ba."

"Wace mata, Iya? Wane akwati?"

"Uwar wannan mana." Ta nuna yarinyar da haɓa. Yarinyar ta juya mana baya ta fuskanci bishiya.

Tsohuwar ta ce ba ma yarinyar ce ta gaya mata ba. Yaran maƙwabta ne suke hira da hutu, suka ce a makaranta an ga tsohon gidan su Iya da shanya a tsakar gida. Ta ce musu shanya ta wane gefe? Suka ce yamma da rumbu, da wani abu baƙi a kusa. "Na ce to ita ce. Ba mai shanya a nan sai ita, tamfol ɗin ma nata ne, turara shinkafa ce sana'arta. Kuma ba ta tashi ta bar shanya, ko kiranta kake sai dai ta amsa daga zaune, da dogon karanta a hannu." Sannan ta gaya min rasuwar, ta gaya min zancen akwatin da ruwa ya tafi da shi.

Ni da halina, maimakon in yi salati sai na juya kan yarinyar. "Ke! Me ya hana ki buɗe baki ki gaya min? Ban tambaye ki ba?"

Tsohuwar ta kama hannuna. "Haba Malama, kamar ba 'yar ƙasar nan ba? 'Yar fari ce fa. Tun yaye na ɗauke ta, a ɗakina ta tashi. Gida ɗaya muke, amma uwar ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa zaunar da ita ta yi mata kitso ba. In ta dafa abu mai daɗi sai dai ta aiko min, ta san bakin da zai shiga. Ita ma wannan ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ta sosai ba. To a gaban aji za ta ce uwata ce? Ko a gabana ba ta taɓa faɗa ba."

Ni ma fa ina da 'yar fari, tana aure a Kano. Har yau ban taɓa kiran sunanta ba, waccan nake cewa. In ta bugo waya gaisuwa biyu nake yi in miƙa wa ƙannenta, sannan in laɓe ina kasa kunne in ji ko muryarta lafiya. Na san kunyar nan ciki da waje, a cikinta aka haife ni, a cikinta na haihu. Yarinya ta tsaya a gabana ta ce mutanen gida, ta sunkuyar da kai, kuma ban ji ba. Duk tsayuwar nan da take yi a gefen zani, uwarta take kallo son ranta, abin da ba ta taɓa samu ba matar na da rai. Ni kuma na ce mata sai ta ci jarrabawa.

Ban san lokacin da na faɗa ofishin shugaba ba, ko sallama ban yi ba, na ce makulli. An fita tara, na kori sauran yaran da ke aji, na rufe ƙofa. Na buga zani, na rataye safa, na zaunar da Iya a kujerata na matso da ita gaba. Sabis ya yi juyinsa, duniya ta fito, na matso da ita, na kama kogi na bi gabas. Inda ya rabu biyu na ɗauki na hagu.

Babu gari. Ruwa ne shimfiɗe, da koren kacalla, ciyawar nan da ke toshe mana hanyoyin ruwa, ta rufe ko'ina. Na ce ɓatan hanya na yi, na koma baya na sake biyowa. Na sake. A na uku yarinyar ta yi magana daga inda take tsaye.

"Nan ne, Malama. Ga tsamiyar can."

Kan tsamiyar ne kawai ya fito daga ruwa. Masu taswirar sun sa sabon hoto a cikin hutu, kamar yadda ashe suke yi lokaci-lokaci, sabon kuma ya hau kan tsohon. Ba wanda ya yi laifi a can, aikinsu suka yi, ƙasa ta canja sun nuna ta yadda take.

Iya ta miƙa wuya tana ƙanƙance ido. "An kunna? Ina take? Wancan duhun ita ce?"

Wallahi saura kaɗan in ce eh. Bakina ya buɗe. Yarinyar ce ta riga ni.

"Ba ita ba ce, Iya. Ruwa ne."

Na yi ta latse-latse kamar mahaukaciya, na kashe na kunna, na zagi kwamfutar, na zagi sabis, na bugi tebur har safa ta faɗo daga taga. Haƙurin da ya kamata in bayar kuwa ban bayar ba. Tsohuwar ta dafa sanda ta miƙe, ta ce, "To, Allah ya jiƙanta. Sannu Malama, mun wahalar da ke." Ta ajiye min kifin a kan tebur. Na ce don Allah ta ɗauka, ta ce ai ba a komawa da abin gaisuwa. Yarinyar ta riƙe mata hannu suka fita, ni kuma aka kaɗa ƙararrawa, na tsaya na koyar da aji ɗaya yadda ake gane gabas da yamma, ban san me na faɗa musu ba.

Ranar Asabar na tafi wurin wani magidanci mai shagon kwamfuta a cikin Haɗejiya, wanda ke buga mana takardun jarrabawa. Na zayyana masa komai, har da abin da na faɗa a gaban aji, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai. Ya ce taswirar da muke amfani da ita ba ta ajiye tsofaffin hotuna, amma akwai wata mai ajiyewa, bari mu gwada. Muka zauna tun hantsi har aka kira azahar. Ya samo garin a shekaru uku daban-daban. Ɗaya gajimare ya rufe, ɗaya dishi-dishi ne ko ɗakuna ba a rarrabewa. Na ukun ya fito tangaram, ga masallaci, ga rumbu, ga gidan a ƙarshen gari. Amma ba ranar ba ce. Tsakar gidan a share take fes, ba tamfol, ba kowa.

Ya ga yadda na yi, sai ya ce, "Hajiya, in kina so minti biyar ne in ɗora miki tamfol da ɗigon. Ki gaya min wurin kawai. Ba mai ganewa."

Ba mugunta ya nufa ba, tausayina ya ji. Kuma har na fara nuna masa yamma da rumbu. Sai na janye hannuna. Yarinyar da ta bi kogi daga sama ta kai ni ƙofar gidansu ba ta ɓata ko sau ɗaya ba, ita zan kai wa ɗigon da aka yi a shago? Ko ba ta gane ba ma, ta zauna shekara da shekaru tana kallon tawada tana zaton uwarta ce, da wane ido zan kalle ta? Na ce ya buga min shi yadda yake, mai launi, ya rufe shi da leda mai tauri kada ruwa ya taɓa.

Litinin bayan an tashi na bi ta har sabuwar unguwa. Ɗaki biyu ne na kwano da zana, uban ya tafi su, Iya na kwance ba ta jin daɗi. Yarinyar ta shimfiɗa min tabarma ta durƙusa can nesa. Na ce ta matso ta zauna kusa da ni. Sai da na faɗa sau biyu.

Na ce, "Na yi miki laifi babba. Na zage ki a kan abin da ban sani ba, na yi miki alkawari na saɓa, kuma ina da ikon adana hoton nan ban adana ba. Ba laifin kwamfuta ba ne, laifina ne. Ki yafe min."

"Ba komai, Malama."

"Da komai. Ki dai yafe."

"Na yafe."

Na ciro takardar na ba ta, na gaya mata gaskiya, cewa gidan ne amma ba ranar ba ce. Ta karɓa da hannu biyu. Ta daɗe tana kallo, ba tsakar gidan kawai ba, har bakin ruwa, har hanyar da ta fita gari. Ina jin kaji na tono a bayan zana.

Can ta ce, "Ranar kasuwa ce."

"Ta yaya kika sani?"

"Babu jirgi ko ɗaya a mashigi, duk sun tafi. Kuma inuwar rumbu gajera ce, rana ta take tsaka. Ran kasuwa ba ta shanya. Tun da safe take ɗaura shinkafar a tafi da ita, sai ta shiga ɗaki ta huta."

Ni na koya musu duba inuwa a hoto don gane lokaci, kuma tunda nake koyarwa ba a taɓa karanta min taswira haka ba. Ta ɗora yatsa a kan rufin wani ɗaki, na biyu daga ƙofa.

"Tana nan ciki."

Nan na kasa daurewa, na ja mayafi na rufe fuska na yi kuka a gaban ɗalibata, irin kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Ta bar ni har na tsagaita, yatsanta na nan a kan rufin. Sannan ta tambaye ni, a hankali, ba tare da ta ɗago ba, ko mai ɗaukar hoton bai sake wucewa ba washegari.

Na ce mata mun duba, bai wuce ba.